Kamun Zalunci da Hukuncin Turjiya: Nazari Tsakanin Fiƙihu da Dokokin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba mas'alar mutumin da jami'an tsaro suka zo kamawa ba bisa haƙƙi ba: shin ya halatta ya turje, kuma mene ne ke kan jami'in da ya kama shi? An bi mas'alar ta cikin nassoshi da maganganun malaman fiƙihu, musamman na mazhabar Malikiyya, sannan aka gwama su da tanade-tanaden Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 da dokokin da suka biyo bayansa. Abin da nazarin ya fito da shi shi ne, shari'a ta hana talaka ɗaga hannu a kan jami'in hukuma a lokacin kamu, amma ta ɗaure wannan hani da wajibcin yi wa jami'in hisabi daga baya. Hukunce-hukuncen biyu tagwaye ne, kuma karantar da ɗaya a bar ɗaya tauye shari'a ne.

Gabatarwa

Da wuya a sami unguwa a biranen Arewa wadda ba ta san irin wannan labari ba. Jami'ai su zo da dare neman wani saurayi, su tarar ba ya gida, sai su tafi da mahaifinsa ko ƙanensa, su ce ba za a sake shi ba sai wanda ake nema ya kawo kansa. Ko kuma ɗan kasuwa ya kasa biyan bashi a kan lokaci, mai bashin ya kai ƙara caji ofis, a tsare shi kwana da kwanaki sai dangi sun harhaɗa kuɗi. Wani lokaci wanda aka zo kamawa ya ƙi shiga mota, a yi kokawa, a wayi gari tuhumar da ba ta da tushe ta haifi laifi na gaske, wato turje wa kamu, ko ma a yi asarar rai.

Idan aka kawo wa malamai irin wannan mas'ala, amsar da aka fi ji ita ce a yi haƙuri, a bi shugabanni. Amsar tana da asali a shari'a, sai dai rabin hukuncin ne. Ɗaya rabin, wato abin da ya wajaba a kan hukuma game da jami'inta da ya yi zalunci, littattafan fiƙihu sun yi masa bayani filla-filla, amma ba kasafai ake jin sa a kan mumbari ba. Manufar wannan maƙala ita ce a mayar da rabin biyu wuri guda.

Asali shi ne kuɓutar wuya

Ƙa'idar da malamai suka gina babin tuhuma a kanta ita ce, asalin kowane mutum wuyansa a kuɓuce yake har sai hujja ta tabbata a kansa. Saboda haka aka ɗora kawo shaida a kan mai da'awa. Suratul Hujurat ta ƙarfafa wannan a wurare biyu: aya ta 6 ta yi umarni da a bincika labarin da fasiƙi ya kawo don kada a afka wa mutane cikin jahilci a koma ana nadama, aya ta 12 kuma ta yi umarni da nisantar yawan zato. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa da aka kai wa Umar ɗan Haɗɗabi (Allah Ya yarda da shi) labarin shaidar zur ta bayyana a Iraƙi, sai ya rantse cewa ba za a tsare mutum a Musulunci ba sai da shaidar adilai.

Tsarewa kuwa, a wurin malamai, ba ta taƙaita ga kulle mutum a ɗaki ba. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 Hijiriyya) ya bayyana a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya cewa tsarewa a shari'a ita ce hana mutum sarrafa kansa, ko a gida ne, ko a masallaci, ko ta hanyar sa wani ya lizimce shi. A bisa wannan ma'ana, wanda aka zaunar a benci a ofishin 'yan sanda tun safe har dare aka hana shi tafiya, tsararre ne, kuma duk sharuɗɗan tsarewa sun hau kan wanda ya zaunar da shi. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki ya zo da irin wannan asali, inda ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa.

Tsarewar tuhuma da iyakokinta

Duk da wannan asali, shari'a ba ta rufe ƙofar tsare wanda ake tuhuma ba, domin da an rufe ta da ɓarayi sun gagara. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito ta hanyar Bahzu ɗan Hakim, daga mahaifinsa, daga kakansa, cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya tsare wani mutum a kan tuhuma, sannan ya sake shi. Wannan hadisi shi ne babbar hujjar masu halatta tsarewar bincike.

Malamai sun kasa waɗanda ake tuhuma gida uku, kamar yadda Ibnul Ƙayyim ya kawo, kuma Ibnu Farhun na Malikiyya (ya rasu 799 Hijiriyya) ya tafi a kai a cikin Tabsiratul Hukkam. Na farko shi ne wanda aka sani da kirki, wanda irin wannan tuhuma ba ta kama da shi. Wannan bai halatta a hukunta shi ba, kuma a cikin mazhabar Malik akwai maganar cewa wanda ya tuhume shi ake ladabtarwa, don kare mutuncin mutanen kirki daga bakin masu sharri. Na biyu shi ne wanda ba a san halinsa ba, shi ake tsarewa har al'amarinsa ya bayyana. Na uku shi ne wanda ya shahara da irin laifin, wanda tsare shi ya fi na biyun ƙarfin dalili.

Game da tsawon lokacin tsarewar bincike, Mawardi (ya rasu 450 Hijiriyya) ya hakaito a Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa Zubairi, daga malaman Shafi'iyya, ya iyakance ta da wata guda, wasu kuma suka bar ta ga ijtihadin shugaba. Tunda an mayar da mas'alar ga ijtihadin shugaba, to idan shugaba ya yanke wa'adi, wa'adin ya lizimci ma'aikatansa. A Nijeriya an yanke shi. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake fahimta, kuma a gabatar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, ko abin da kotu ta ga ya dace. An togace wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan wa'adi. Jami'in da ya wuce wa'adin ba tare da umarnin kotu ba ya saɓa wa dokar ƙasa, kuma a mahangar fiƙihu ya fita daga iyakar izinin da aka ba shi, ya zama mai ta'addi.

Siffofin kamun zalunci

Siffa ta farko ita ce kamun madadi, wato a kama wani a maimakon wani. Haramcinsa a bayyane yake a Alƙur'ani, domin aya ta 164 ta Suratul An'am ta tabbatar da cewa babu rai da ke ɗaukar nauyin laifin wani. A ƙissar Annabi Yusuf (amincin Allah ya tabbata a gare shi), a ayoyi na 78 da 79, 'yan'uwansa da bakinsu suka roƙi a riƙe ɗayansu a madadin ƙanensu, amma ya nemi tsari da Allah daga riƙe wanin wanda aka sami kayan a wurinsa, ya kuma kira hakan zalunci. Idan madadin da mutum ya miƙa kansa gare shi ya zama zalunci, to wanda aka fizgo daga shimfiɗarsa ya fi cancantar wannan suna. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta haramta kamun madadi a sashe na 7, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta maimaita haramcin a sashe na 36.

Siffa ta biyu ita ce kamu a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Fiƙihu ya san tsare wanda ake bi bashi, amma aikin alƙali ne bayan bashin ya tabbata, kuma a kan mawadaci mai taurin bashi yake. Wanda ya tabbata ba shi da abin biya, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara masa har ya sami sauƙi. Sashe na 8(2) na dokar 2015 ya hana kama mutum a kan irin waɗannan rigingimu. A nan laifin bai tsaya ga jami'i ba. Malaman Malikiyya sun tattauna a babin ƙwace a kan wanda ya kai ƙarar wani wurin mai mulki azzalumi har aka ci shi tarar da ba ta hau kansa ba, kuma daga cikin maganganunsu akwai cewa mai ƙarar, idan da zalunci ya kai ta, shi zai biya abin da aka yi asara. Attajirin da ya mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi ya kamata ya san wannan.

Siffa ta uku ita ce duka don a tilasta iƙirari. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa wasu mutane da aka yi wa sata sun tuhumi wasu masaƙa, suka kai su wurin Nu'umanu ɗan Bashir (Allah Ya yarda da shi). Ya tsare su kwanaki, sannan ya sake su. Masu kayan suka koka cewa ya sake su ba duka ba matsa lamba. Sai ya ba su zaɓi: in sun so ya dake su, idan kayan suka fito shi ke nan, idan ba su fito ba zai rama wa masaƙan a bayan masu ƙarar daidai da abin da aka yi musu. Ya kuma shaida musu cewa wannan hukuncin Allah ne da ManzonSa. Gaskiya ne an sami malamai da suka halatta matsa wa wanda ya shahara da laifi, kuma ana jingina wa Sahnun karɓar iƙirarinsa, amma abin da Shaihu Halil ya tafi a kai a Mukhtasar shi ne, iƙirarin sata yana tabbata ne idan an yi shi da zaɓi, in ba haka ba bai tabbata ba, ko da wanda aka tilasta ya fito da kayan. Muslim ya ruwaito cewa Hishamu ɗan Hakim ya ga an tsayar da wasu manoma a rana a ƙasar Sham saboda haraji, sai ya shiga wurin gwamnan ya sanar da shi cewa Annabi ya yi gargaɗin azabar Allah ga masu azabtar da mutane a duniya, aka sake su. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar, kuma ba ta karɓi umarnin na gaba a matsayin uzuri ba.

Ga waɗannan za a ƙara kuɗin da ake karɓa kafin a ba da beli a caji ofis, alhali doka ba ta sa masa farashi ba. Hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya hana ma'aikaci kyautar da aka ba shi da daɗin rai saboda muƙaminsa. Abin da aka karɓa daga uwar da ɗanta ke kulle ya fi wannan muni nesa ba kusa ba.

Hukuncin turjiya

Idan kamun halattacce ne, babu saɓani cewa amsa kiran hukuma wajibi ne. Ayoyi na 48 zuwa 51 na Suratun Nur sun zargi masu bijirewa idan an kira su zuwa hukunci, suka yabi muminai da ji da bi. Daga nan malamai suka ciro wajibcin amsa sammacin alƙali, da halaccin kawo mai taurin kai da ƙarfin 'yan doka.

Wurin da ake buƙatar nazari shi ne idan kamun na zalunci ne. Mai tambaya zai iya cewa, shari'a ta halatta tunkuɗe mai kawo farmaki, kuma hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, to me zai hana wanda aka zo kamawa da zalunci ya kare kansa? Amsar tana cikin abin da Ibnu Hajar ya ciro daga Ibnul Munzir a Fathul Bari: malamai sun tafi a kan cewa mutum yana da damar kare kansa da dukiyarsa da iyalinsa, sai dai malaman hadisi kamar sun haɗu a kan togace mai mulki, saboda hadisan da suka zo da umarnin haƙuri da zaluncinsa da barin yi masa tawaye.

Dalilan wannan togaciya suna da ƙarfi. Na farko, kusan kowane wanda aka zo kamawa yana ganin an zalunce shi, mai gaskiya da marar gaskiya. Da an bar wa kowa ya yanke hukuncin halaccin kamunsa a bakin ƙofarsa, da babu mai laifin da zai kamu. Na biyu, ƙa'ida ce cewa ba a gusar da cuta da wadda ta fi ta. Kwana a tsare cuta ce da za a iya gyarawa da saki da diyya, amma ran da ya fita a wurin kokawa ba ya dawowa, kuma sashe na 33(2) na Kundin Tsarin Mulki ya ba da damar amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata wajen aiwatar da halattaccen kamu, abin da jami'i zai fake da shi ko da kamun bai halatta ba. Na uku, turjiya takan jawo wa maƙwabta da dangi abin da ba su ji ba su gani ba. Dokar Final Kot, wadda ke aiki a Arewa tun 1960, ta bi kusan wannan hanya: ta mayar da turje wa halattaccen kamu laifi, ta kuma taƙaita haƙƙin kare kai a gaban ma'aikacin hukuma da ke aikinsa da kyakkyawar niyya, matuƙar abin da yake yi bai kai ga tsoron kisa ko mummunan rauni ba.

Togaciyar tana da iyaka. An yi ta ne domin mai mulki da wakilinsa a cikin aikin wakilci. Wanda ya zo da fuska a rufe, ba kaki, ba shaidar aiki, ya ƙi faɗin ko shi wane ne, a zamanin da masu garkuwa da mutane ke shigar burtu da kayan jami'ai, ba za a ɗora wa mai gida sanin gaibu ba, kuma neman a nuna masa shaida ba turjiya ba ne. Haka jami'in da ya nufi keta mutuncin mace, wannan ba ya cikin abin da aka wakilta shi a kai ta kowace fuska, hukuncinsa hukuncin kowane mai farmaki ne.

Sannan abin da aka hana shi ne hannu, harshe kuwa an bar shi a sake. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta togace wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Wanda aka zo kamawa yana da damar tambayar dalili, ya faɗa a fili cewa bai yarda da tuhumar ba, ya sa maƙwabta su shaida lokaci da wuri da ofishin da za a kai shi, ya yi shiru ga tambayoyi har sai ya ga lauya kamar yadda sashe na 35(2) ya ba shi, kuma ya ƙi sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Annabi Yusuf ya shiga kurkuku bai yi faɗa ba, amma da aka zo fitar da shi, aya ta 50 ta surar ta nuna ya ƙi fita sai an binciki tuhumar an wanke shi. Haƙurinsa bai sa ya yafe mutuncinsa ba.

Hisabin jami'i

Shari'ar da ta ce wa talaka ya sauke hannunsa ta yi masa alkawarin cewa akwai wanda zai karɓar masa haƙƙinsa. Abu Dawud da Ahmad sun ruwaito cewa Umar ya yi huɗuba ya shaida wa mutane cewa bai aika gwamnoninsa don su daki jikinsu ko su ƙwace dukiyarsu ba, kuma duk wanda aka yi wa haka ya kawo ƙara zai rama masa. Amru ɗan Asi ya tambaya ko har da gwamnan da ya ladabtar da wani daga talakawansa, Umar ya tabbatar masa da haka, yana kafa hujja da cewa ya ga Annabi yana ba da kansa a rama. Da Halidu ɗan Walid ya yi kuskure a kan Banu Jazima, Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya ɗaga hannu ya barranta daga aikinsa a bainar jama'a, malaman tarihi kuma suka kawo cewa ya aiki Aliyu ya biya diyyar rayuka da dukiya. Ba a ɓoye kuskuren don kare martabar runduna ba.

Daga irin waɗannan malamai suka fitar da cewa ma'aikacin da ya yi ta'addi da gangan, ƙisasi ko biya a kansa yake, wanda kuma ya yi kuskure a cikin ijtihadi, an yi saɓani ko danginsa ne za su biya ko baitulmali. A kowane hali haƙƙin wanda aka cuta ba ya faɗuwa. Umarnin na gaba ma ba ya wanke mai aikatawa, domin babu ɗa'a ga abin halitta a cikin saɓa wa Mahalicci.

Malamai ba su tsaya ga hukunci ba, sun tsara hanyar aiwatar da shi. Abu Yusuf (ya rasu 182 Hijiriyya) ya shawarci Haruna Rashid a Kitabul Haraj da ya ciyar da fursunoni ya tufatar da su daga baitulmali, ya umarci gwamnoni su riƙa duba al'amarin tsararru a kai a kai, wanda ba shi da shari'a a sake shi. Shaihu Halil ya sanya duba waɗanda ke tsare a farkon abin da sabon alƙali zai fara da shi. Mawardi ya keɓe babi ga Wilayatul Mazalim, kotun da aikinta na farko shi ne duba ta'addin masu mulki a kan talakawa, ko da ba wanda ya kawo ƙara. Wannan gado ya iso ƙasar Hausa. Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarakuna a ƙarni na 15, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa cin dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa cikin aibobin mulkin zalunci a Kitabul Farƙ, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Diya'ul Hukkam domin shiryar da masu hukunci. Saboda haka maganar hisabin jami'an tsaro ba baƙuwa ba ce da aka shigo da ita daga waje.

Ƙofofin ƙara a yau

A rubuce, dokokin Nijeriya sun tanadi kusan duk abin da fiƙihu ya nema. Sashe na 35(6) na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a, sashe na 46 kuma ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu. Sashe na 34 na dokar 2015 ya ɗora wa Babban Majistare ziyartar wuraren tsarewa na 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ba da beli inda ya dace, wanda shi ne ainihin shawarar Abu Yusuf. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda mai ikon ladabtar da kowane jami'i banda Sufeto Janar, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, da sashen karɓar koke na rundunar kanta.

Matsalar tana wajen zartarwa. Talaka bai san waɗannan ƙofofi ba, in ya sani ba shi da kuɗin lauya, in ya yi nasara a kotu karɓar diyyar wata shari'a ce daban, domin doka tana neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Shari'ar matasa shida na Apo da aka kashe a Abuja a 2005 ba ta kai ga hukunci ba sai a 2017. Zanga-zangar Oktoban 2020, wadda ta kai ga rushe rundunar SARS da kafa kwamitocin bincike a jihohi, da asarar rayuka da dukiyar da ta biyo baya, ta nuna inda koken da aka daɗe ba a saurara ba yake ƙarewa. Fitinar da malamai suka hana turjiya don gudunta, toshe ƙofar ƙara yana haifar da ita ta wata hanya.

Kammalawa

Wanda jami'an hukuma suka zo kamawa, ko da da zalunci ne, shari'a ba ta ba shi damar yaƙarsu ba, sai a inda rai ko mutunci ke cikin haɗari bayyananne, ko inda ba a san masu kamun jami'ai ne ba. Ta ba shi damar magana, da kafa shaidu, da bin haƙƙinsa har ƙarshe. Jami'in da ya kama wani a madadin wani, ko ya tsare mutum a kan bashi, ko ya daki wanda ake tuhuma, ko ya wuce wa'adin doka, ko ya sayar da beli, mai ta'addi ne, kuma biya yana kansa a duniya kafin hisabin lahira. Mai ƙarar ƙarya abokin tarayyarsa ne.

Taimakon wanda aka zalunta farali ne na kifaya, kuma hadisin da Buhari ya ruwaito ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zalunci. A aikace, wannan na nufin limamai su sanar da jama'a wa'adin tsarewa da haramcin kamun madadi kamar yadda suke sanar da su nisabin zakka, kwamitocin masallatai su san lauyoyi da ofisoshin da ake kai koke, tsangayoyin shari'a na jami'o'i su tura ɗalibansu taimakon marasa galihu, majistarori su cika ziyarar da doka ta ɗora musu, a kuma yi wa Musulmin da ke cikin aikin ɗan sanda wa'azi na musamman a kan amanar da ke wuyansu. Cikinsu akwai masu tsoron Allah da ke ƙin taɓa haram, kuma hukunta azzalumin cikinsu kariya ce ga mutuncinsu. Allah Shi ne Mafi sani.